Dam ɗin Bagauda: Jingar Ƙasa Mai Riƙe Ruwan Damina

Dam ɗin Bagauda yana cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kudu da birnin Kano, ba nisa da Tiga. An gama shi a 1970, zamanin mulkin Audu Bako, kuma yana cikin na farko-farkon madatsun ruwan da tsohuwar jihar Kano ta gina. Ba kankare aka zuba aka yi shi ba. Ƙasa ce aka tara, aka daddanne ta, aka datse wani kwari da ita, ruwan damina ya taru a bayanta ya zama tafki. An tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 22. Kubik mita guda lita dubu ce, wato duro biyar, ko jarka arba'in mai cin lita 25. Sunan da yake ɗauke da shi kuwa na Bagauda ne, wanda tarihin Kano ya sa a farkon jerin sarakunanta.

A ma'aunin injiniyoyi, duk dam ɗin da tsayinsa ya kai mita 15, ko wanda ya haura mita 5 kuma yake riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 3, cikin manya ake lissafa shi. Bisa wannan, Bagauda ba ƙarami ba ne. Maƙwabcinsa ne ya mayar da shi ƙarami. Dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, an yi shi ne ya ci kusan kubik mita biliyan biyu, sai an juye ruwan Bagauda wajen sau casa'in kafin a cika shi. A ƙasa da Bagauda a girma kuma akwai ɗimbin 'yan madatsun ƙauye da aka yi wa dabbobi da masu lambu, waɗanda ba su fi tsayin ɗaki biyu ba. Duk dangi ɗaya ne. Abin da ke riƙe su ɗaya, abin da ke fasa su ma ɗaya.

Dalilin gina irin wannan dam yana cikin yanayin ƙasar. Ruwan sama da ke sauka a yankin Kano a shekara yakan kama tsakanin milimita 800 da 1,000, kuma ba kaɗan ba ne. Matsalar ita ce kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a markar watan Agusta. Rafin da ya cika ya batse har ya hana mutane ƙetarawa kasuwa, kafin ƙarshen hunturu ya zama yashi, sai dai mata su tona rami a tsakiyarsa su jira ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙoƙo. A kudanci da yammacin Kano kuma, dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa. Rijiya ba ta zurfi sai ta ci karo da fa, ruwan da take samu kuwa ɗan wanda ya maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogi. Ba haka abin yake ba a gabas wajen Haɗeja da Gumel, inda yashi mai kauri yake ɓoye ruwa a ƙasa. Shi ya sa yawancin madatsun suka taru a kudu da yamma: a can ne ake da tudu da kwarin da za a datse, a can ne kuma rijiya ta fi gazawa.

Tare ruwan damina ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ne dam ɗin unguwa tun fil azal. Manomin fadama ya san jinga, ya san jigo. Abin da ya canja a ƙarshen shekarun 1960 shi ne girman aikin da injin da ake yin sa da shi. An ƙirƙiri jihar Kano a 1967, aka ba ta Audu Bako, kwamishinan 'yan sanda, ya yi gwamna har 1975. Gwamnatinsa ta ɗauki ruwa a matsayin babban aikinta. An gina Bagauda ne domin a shayar da gonakin gwaji na Kadawa, a ga ko alkama da tumatur da shinkafa za su yi da rani ta hanyar kanal, kafin a zuba dukiya a Tiga. Gwajin ya yi kyau, aka faɗaɗa shi ya zama babban shirin noman rani na kogin Kano, wanda a yau Kura da Garun Malam da Bunkure suke ci daga gare shi. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya ƙara wa shirin ƙaimi. Kafin a shiga shekarun 1990 an gina madatsu fiye da ashirin a ƙasar da yanzu ta zama Kano da Jigawa, irin su Kusalla a Ƙaraye, da Tomas, da Jakara, da Watari, da Kafin Ciri, da yawansu kuma ma'aikatan hukumar ruwa ta jiha, WRECA, ne suka yi su da hannunsu.

Bayan Tiga ya karɓi nauyin shayar da manyan gonaki, Bagauda ya koma dam ɗin yankinsa. A bakinsa aka gina otal ɗin da ya yi suna a shekarun baya, wanda daga bisani ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Akwai tashar binciken kayan lambu a wurin, akwai kuma wurin ƙyanƙyasar kifi.

Mutum zai iya tambaya yadda ƙasa, wadda ruwa ke narkarwa a katangar gida, take iya tare tafki. Amsar tana cikin zaɓen ƙasar da kuma yadda ake danne ta. Kafin a fara, sai an kankare saman wurin, a kwashe ciyawa da saiwa da baƙar ƙasar noma, domin duk abin da zai ruɓe zai bar kafa. Sannan a haƙa dogon rami daga wannan gaɓa zuwa waccan, a bi shi har a tarar da dutse ko ƙasa mai tauri, a cika shi da yumɓu. Wannan ramin shi ke hana ruwa sulalewa ta ƙarƙashi. A kansa ake ɗora zuciyar dam ɗin, ita ma ta yumɓu ko ƙasa mai danƙo, sannan a jingina mata jar ƙasa da tsakuwa gaba da baya. Yumɓu ke tare ruwa, jar ƙasa ke ba da nauyi. Baƙar laka ita kaɗai ba ta yi, don in ta bushe tsagewa take yi har hannu ya shiga. Yashi shi kaɗai ma ba ya yi, rariya ne.

Ba a tula ƙasar gaba ɗaya. Shimfiɗa ta ake yi kaɗan-kaɗan, kaurin taƙi guda ko ƙasa da haka, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai sau da yawa, sannan a ƙara wata. Wadda ake amfani da ita a kan yumɓu tana da 'yan ƙusoshi masu kama da kofaton tumaki, suna cusa sabuwar shimfiɗa cikin ta ƙasa don kada a bar tsaga a tsakani. Laimar ƙasar ita ce komai. Gogaggen mai duba aiki yakan damƙo ta ya dunƙule a tafin hannu. In ta warwatse, ta bushe da yawa. In ta manne a yatsu tana ƙyalli, ruwa ya yi yawa. In ta dunƙule kamar curin fura, ya karya ta biyu ba ta marmashe ba, to ta yi. Yakan kuma murza ta tsakanin tafukansa ta zama kamar igiya. Gwargwadon tsawon da ta yi kafin ta tsinke, gwargwadon danƙonta. Maginin gargajiya da ya saba kwaɓa ƙasar tubali ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Jingar tana da faɗi ƙwarai a gindi, tana tsukewa zuwa sama. A gefen da ke fuskantar ruwa, duk hawan mita ɗaya akan ja baya wajen mita uku, a jera duwatsu don kada igiyar ruwa ta ci ƙasar. A bayanta gangaren ya ɗan fi tsayuwa, ana dasa ciyawa mai kama ƙasa irin su kirikiri. A gindin bayan kuma ana binne yashi da tsakuwa da dutse, domin ba dam ɗin ƙasar da ba ya naso. Masu ginin sun san ruwa zai ratsa, abin da suke so shi ne ya fita a hankali ta inda aka tanadar masa, ba tare da ya ɗauki ƙasa ba. Akwai bututu a ƙarƙashin jingar, da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa a saki ruwa zuwa kanal. Sai kuma mafitar rarar ruwa, wadda akan yanka a gefe, a kan dutse ko a shafe ta da kankare, bakinta ya yi ƙasa da saman jingar da mita ɗaya zuwa biyu ko fiye. In tafki ya cika, ta nan rarar ke wucewa ta koma rafi. Ba a cika lura da ita ba, don wata goma a shekara a bushe take, awaki na kiwo a ciki. Amma ran dam ɗin yana hannunta.

An fi yin irin wannan gini ne saboda araha. Kayan aikin suna wurin, ba a sayo su daga nesa, kuma jingar ƙasa tana iya zama a kan ƙasar da ba za ta ɗauki nauyin kankare ba. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan madatsun duniya na ƙasa ne, Tiga ma haka.

Shekarar dam tana farawa da ruwan farko. Daga Yuni rafuka ke shigo da jan ruwa, a Agusta ko Satumba tafki ya cika, in damina ta yi kyau ya yi amai ta mafita. A wannan lokaci yana wani aiki da ba a cika yaba masa ba: ruwan da zai sauko gaba ɗaya cikin dare ya share gonakin fadama, shi ke karɓe shi ya sake shi sannu a hankali. Sai dai wannan kariya tana aiki ne muddin akwai sauran wuri a cikinsa. Dam ɗin da ya riga ya cika, abin da ya shigo shi ke fita.

Daga Oktoba kuma lissafi ya koma na ragewa, kuma babban mai ɗiba ba mutum ba ne. Rana da iskar hunturu suna shanye kusan mita biyu daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara a wannan yanki. Tafki mai faɗin hekta goma, ke nan, yana iya asarar kubik mita 200,000 ba wanda ya ɗebi ko moɗa. Shi ya sa zurfi ya fi faɗi amfani. Dam mai zurfin mita uku kacal da wuya ya ga watan Afrilu da ruwan kirki, mai zurfin mita goma kuwa yakan kai damina. Wani kason kuma yana nutsewa ƙasa, amma wannan ba asara ba ce duka, domin shi ke raya rijiyoyin da ke ƙasan dam ɗin. Ƙauyen da a da rijiyarsa ke ƙafewa a Maris yakan ga tana kaiwa bazara, fadamar da ke bayan jingar ta riƙe laima, masu lambu su kafa bututu mita kaɗan su sa injin ban ruwa. Mutane da yawa suna shan ruwan dam ba su taɓa zuwa bakinsa da bokiti ba.

Cikin masu ɗiba da gangan, noma ne mai babban ciki. Hekta guda ta tumatur ko alkama, in aka haɗa da abin da ke zubewa a kanal, tana iya cin kubik mita 7,000 zuwa 10,000 a rani ɗaya, shinkafa ta fi haka. Mutum dubu kuwa, kowa na amfani da lita 20 a rana, kubik mita 7,300 za su ci a shekara guda cur. Wato gona ɗaya da ba ta kai eka uku ba tana shan ruwan ƙauye guda. Saniya a tsananin zafi takan sha lita 30 ko fiye, garken shanu ɗari ma bai kama ƙafar hekta guda ta shinkafa ba. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane cewa rigimar ruwa a ƙaramin dam kusan kullum a kan yawan gonakin da aka buɗe take, ko da yake makiyayi aka fi ɗora wa laifi don shi ake gani a bakin ruwa.

Yayin da ruwa ke janyewa, yana barin ƙasa mai laima da taki a gefen tafki. Manoma na bin sa taki-taki, suna shuka masara da dankali da kankana da wake. Wannan fili yana da albarka, kuma shi ne tushen yawancin saɓani, don ta cikinsa burtali ya ratsa zuwa mashaya. In lambu ya toshe hanya, shanu za su bi ta cikin albasa. Inda aka zauna lafiya, akan tarar dagaci da arɗo da shugaban manoman rani sun kafa turaku tun kaka, kowa ya san iyakarsa. A kan kanal ma haka: na kusa da ƙofa yana ƙoshi, na can wutsiya sai ya yi kwanan gona da tocila yana jiran ruwa ya iso shi da tsakar dare. Rabon kwana, yau na wannan layi gobe na wancan, shi ne maganin da aka sani, kuma yana aiki ne kawai in akwai wanda ake jin maganarsa. Tumatur ɗin da ke cika kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan, ana loda shi zuwa kudu, daga irin wannan rabon ruwa yake fitowa.

Masunta su ma sun samu wurin zama. Karfasa da tarwaɗa su ne kan gaba, ana kama su da kalli da birgi da ƙugiya, wasu a kwalekwale, wasu a kan gora. Sarkin ruwa ne ke hana raga mai ƙananan ido da zuba guba, in ya samu goyon baya. Masu yin bulo na ƙasa, da masu wanki, da 'yan garuwa duk suna da gaɓarsu.

A watan Agusta na 1988, bayan kwanaki ana tafka ruwan sama, dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Shekara goma sha takwas ke nan da gina shi. Ruwan ya bi ƙauyukan da ke ƙasansa, aka yi asarar rayuka da gidaje da dabbobi da amfanin gona da ya kusa nuna. Abin ya zo ne bayan shekarun fari na 1983 da 1984, lokacin da tunanin kowa yana kan ƙarancin ruwa, ba yawansa ba. An sake gina jingar daga baya, tafkin ya dawo. Amma abin ya sa an sake duba sauran madatsun, kuma a 1992 aka rage tsayin mafitar Tiga da wajen mita uku da rabi domin a sauƙaƙa wa jingarsa nauyi. Wannan ragi ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da Tiga ke iya ajiyewa. Ɓallewar ƙaramin ta jawo wa Tiga asarar ruwan da ya ninka na Bagauda sau da yawa. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, bayan dam ɗin Alau ya fashe, ta sake tuna wa mutane irin wannan haɗari.

Hanya biyu ce ta fi kashe dam ɗin ƙasa. Ta farko, ruwa ya haura saman jingar. Kankare yana jure wannan, ƙasa ba ta jurewa. Da zarar ruwa ya fara gangara ta baya, sai ya yanki ɗan kwari, kwarin ya ci baya-baya har ya iso bakin tafki, cikin 'yan sa'o'i a ga giɓin da mota za ta shige. Abin da ke jawo haka yawanci mafita ce ta yi ƙanƙanta, ko ta toshe da ciyawa da itace, ko saman jingar ya lotsa a wani wuri saboda daɗewa da bin motoci. Wani lokaci mutane ne da kansu ke jera buhunan yashi a bakin mafita don tafki ya ƙara riƙe ruwan rani, ko su gitta raga don kada kifi ya tsere. Niyyar ba mugunta ba ce, amma duk taƙin da aka ƙara a nan an zabge shi ne daga tazarar da ke tsakanin ruwa da saman jinga.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ruwa ya samu 'yar kafa a cikin jingar, ya riƙa ɗaukar ƙasa ƙwaya-ƙwaya yana fita da ita, kafar ta zama rami, ramin ya rufta. Masu buɗe masa ƙofa ƙanana ne. Gara tana gina suri a jikin jinga, hanyoyinta suna shiga can ciki. Gafiya da damo suna haƙa rami. Darbejiya ko bagaruwa ta tsiro, a bar ta don inuwa, saiwarta ta ratsa zuwa wajen laima, ranar da aka sare ta ko ta mutu saiwar ta ruɓe ta bar bututu. Gefen bututun sakin ruwa ma wuri ne mai rauni, don rola ba ta iya danne ƙasar da ke manne da shi sosai.

Wannan ciwo yana da alamu, kuma ba sai mai digiri ke gane su ba. A watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, mai gadin dam yana tafiya a gindin jingar ta baya sai ya ga wani ɗan wuri kore shar, ƙasa na lotsawa a ƙarƙashin takalminsa. Ya duƙa ya ga ruwa na tsattsafowa. Abin da zai yi shi ne ya tara a farar kwalba ya ajiye ta a inuwa. In ruwan garau yake, bayan awa guda ba abin da ya kwanta a gindi, naso ne na al'ada, sai dai a kafa tsinke a riƙa auna ko yana ƙaruwa. In ya fito da gurɓi, laka ta kwanta a gindin kwalbar, to jikin dam ɗin ne ke fita, kuma magana ta wuce a jira wata ya ƙare a rubuta rahoto. Haka nan tsaga a saman jinga, ko wani rami da ya faɗa ba dalili, ko ruwan tafki yana juyawa kamar ana tuƙa shi a kusa da duwatsu. Gyaran farko shi ne a buɗe ƙofa a rage ruwa, a danne wurin da yashi da tsakuwa yadda ruwa zai wuce ƙasa ta tsaya, a kuma sanar da na ƙasa su tashi.

Yawancin aikin kula da dam, ke nan, na adda ne da fartanya da shebur. A sare tsiron itace tun yana ƙarami. A tone suri har a fitar da uwar garar, a cike ramin da yumɓu a kirɓa. A hana shanu hawa jinga, don sawunsu ne ke zama kwazazzabo. A shafa wa ƙofar ƙarfe man giris a murɗa ta lokaci-lokaci, kada ranar buƙata a tarar tsatsa ta kama ta. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin gini, amma shi aka fi mantawa da shi, wataƙila don ba a yanka kirtani a kan noman ciyawa. Tiga da dam ɗin Challawa suna hannun hukumar tarayya ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, yawancin ƙananan kuwa na jiha ne. 'Yan na ƙauye sau da yawa wani shiri ne ya gina su ya tafi, ba a faɗa wa kowa cewa nasa ne ba.

Dam ɗin da ya tsira daga ɓallewa, laka ce ajalinsa. Jan ruwan da ke shigowa da damina ƙasar gonakin tudu ce. Da ya iso tafki ya tsaya, yashi ya zube a baki, laka ta kwanta a tsakiya. Masu gini sukan bar wani zurfi a ƙasan bututu don wannan, amma inda aka sare itatuwa aka nome har gaɓar rafi, wurin yana cika tun kafin lokacin da aka yi zato. Tafkin yana nan da faɗinsa, ido ba ya ganin bambanci da kaka, sai dai a lura yana ƙafewa da wuri shekara bayan shekara. Yashe shi da inji yana da tsada ƙwarai, ko da yake a ƙananan madatsu manoma kan kwashi lakar da amalanke su kai gona, don taki ce mai kyau. Maganin gaskiya yana can sama, inda ƙasar ke tasowa: layin duwatsu a gangare, jema da gamba a gaɓar rafi, 'yan shingayen dutse a cikin kwazazzabai. A Keita, cikin jihar Tawa a Nijar, aikin da aka fara a 1984 ya bi wannan hanya, aka haɗa gyaran tuddai da dashen itatuwa da gina ƙananan madatsu.

Ruwan da ya tsaya yana da nasa cututtuka. Sauro yana samun wurin haihuwa a gefe-gefe har cikin rani. Tsargiya kuma ta zama ruwan dare a garuruwan bakin dam da kanal. Ƙwan tsutsar yana fita cikin fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga wata 'yar katantanwa da ke maƙale a ciyawa, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki ko su. Yara maza 'yan shekara goma zuwa sha biyar suka fi kamuwa, har a wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara in ya daɗe. Yana da magani, ana raba shi a makarantu, amma yaro yana komawa ruwa zai sake ɗauka. Tafki yana kuma yanke tsofaffin hanyoyi, ya tilasta wa mutane hawa kwalekwale. Haɗarin da ya ci rayukan mutane da dama a dam ɗin Watari na Bagwai a Nuwamban 2021, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, daga nan ya samo asali.

Ruwan da aka tare a Bebeji, da an bar shi, kogin Kano zai bi, ya haɗu da kogin Challawa su zama kogin Haɗeja, ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ragowar ta bi kogin Yobe ta gefen Diffa zuwa tafkin Chadi. Manoman shinkafa da masunta da makiyayan can sun dogara ne da ambaliyar shekara-shekara. Tiga da Challawa, wanda aka gama a 1992, su suka fi rage wannan ambaliya, sakin ruwan da suke yi da rani kuma ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa. Rabon Bagauda a wannan kaɗan ne, don ƙaramin dam yana cika da wuri ya bar sauran ruwan damina ya wuce. Sai dai in aka jera ashirin ko talatin a kan rassan kogi ɗaya, a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci kowannensu sai ya cika cikinsa tukuna kafin ɗigo ya wuce zuwa Wudil.